Littafin Kawu Sekove Ya Sha Ruwa

Ku 'ya'yana, ku zo ku zauna. Ku ajiye wayoyin nan, ku kira mini yaranku, don labarin nasu ne. Ba zan faɗi sunan yarinyar ba. Ita ta san kanta.

Akwai wata yarinya a ƙauyenmu na bakin kogin Rewa. Ba ta da abin so kamar littattafan zane, irin na jarumai masu tashi sama. A gidan kawunta Sekove, yayan mahaifiyarta, ta saba da su. Akwati guda gare shi cike taf.

Duk cikin jaruman nan, Mai Ganga ne gwaninta. Ba ya tashi sama, ba ya ɗaga dutse. Ganga kawai zai kaɗa, mugaye su zube.

Sai aka kawo wani babban fim birnin Suva, wanda aka tara jaruman duka a cikinsa. Makaranta ta kai 'yan ajinsu kallo. Tun a mota yarinyar ta cika wa kowa kunne.

"Ku dai jira Mai Ganga! Shi zai ceci kowa."

Mai Ganga ya fito kuwa. Fitowarsa ke da wuya ya yi tuntuɓe, gangar ta suɓuce, ya bi ta da gudu. Silima ta ɗauki dariya. Ba a sake nuna shi ba har aka tashi.

Taubashinta Waisea, ɗan Kawu Sekove, ya fi kowa dariya. Shi bai taɓa buɗe akwatin babansa ba, ƙwallon zari-ruga ce a gabansa.

"Taubashiya, ina gwanin naki? Ko har yanzu yana bin ganga?"

"Ƙarya suka yi! A littafi ba haka yake ba."

"To kawo littafin mu gani, uwar 'yan labari."

Kun san al'adarmu ta Fiji. Ɗa ko ɗiyar 'yar'uwar mutum, shi ake kira vasu a gidansa. Abin da vasu ya ɗauka a gidan kawu ya ɗauku, kawu ba ya cewa a'a.

Ran Litinin da safe yarinyar ta shiga gidan Kawu Sekove. Ta buɗe akwati, ta zaro na can ƙasa, wanda ke naɗe a tsumma. A cikinsa ne Mai Ganga ya ceci sauran jarumai.

"Kawu, na ɗauki wannan."

Kawu ya buɗe baki, ya rufe. Ya kalli littafin, ya kalli sama.

"Akwai hadari yau," in ji shi. Abin da ya ce ke nan.

Ita ko a jikinta. Ta cusa shi a jaka, ko leda ba ta nema ba.

Suna tsakiyar kogi a kwalekwalen makaranta, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ta rungume jakar, ta duƙa a kanta. Ina! Da ta buɗe a aji, sai ta ga ruwa ya ratsa littafin. Shafuka sun manne. Ta ɗan ja ɗaya, ya yage. Fuskar Mai Ganga ta zama jirwaye.

Waisea ya leƙo. "Ina hujjar taki?"

"Na manta a gida," ta ce, ta danne jakar.

Ranar ba ta ji karatu ba. Sau biyu Malama Vaciseva tana kiran sunanta.

"Lafiya kike kuwa? Ko zazzaɓi ne?"

"Lafiya lau, Malama."

A gida ta tura littafin ƙarƙashin tabarma. Ta daina bi ta ƙofar Kawu, sai ta zagaya ta bayan coci. In ta hango shi yana gyaran koma, sai ta sauya hanya. Jira take ya tambaya. Bai tambaya ba. Kullum sai ya ɗaga mata hannu, ya ce, "Vasu, an dawo?" Wannan gaisuwar ta fi bulala yi mata zafi.

An zuba mata rogo da kifi da madarar kwakwa, ta kasa ci. Mahaifiyarta ta lura. Ran da ta ɗaga tabarma za ta yi shara, sai ga littafi ya fara funfuna.

"Zo nan. Mene ne wannan?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Mama, ai ni vasu ce. An ce in na ɗauka ba laifi."

"Kin san wane littafi ne wannan? Kakanki ne ya sayo wa kawunki, yana yaro yana kwance asibiti. Kullum sai ya zauna bakin gado ya karanta masa. Kakanki ya rasu. Abin hannunsa da ya rage wa kawunki ke nan."

"To me ya sa bai hana ni ba?"

"Ta yaya zai hana ki? Al'ada ta ɗaure masa baki. Shi ya sa ke ya kamata ki buɗe ido."

"Zai daina sona ko?"

"Ban sani ba. Tashi mu je ki ji da kunnenki."

Mahaifiyar ta nemo saiwar kava, tsiron da muke jiƙawa mu sha a taro, yadda ake yi in za a ba da haƙuri. Yarinyar ta bi ta. Suka shiga gidan Kawu a sunkuye, suka zauna bakin ƙofa. Yarinyar ta ajiye saiwar, ta ajiye littafin kusa da ita.

"Kawu, na lalata. Na ji ka ce akwai hadari, ban kula ba. Ka yafe mini."

Kawu Sekove ya ɗauki littafin, ya juya shi a hannu. Ita dai kanta na ƙasa. Can ya taɓa saiwar, ya tafa hannu. Ya karɓa ke nan.

"Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba," in ji shi. "Amma ɓuyan da kika riƙa yi mini ya fi damuna. Ɗago kanki. Shafi nawa suka tafi?"

"Duk wurin da Mai Ganga ya ceci jaruman."

"Wannan yana nan a kaina, da muryar babana. Ke kuma kin iya zane. Waisea! Kawo takarda da fensir."

Kawu ya riƙa faɗa, ita tana zanawa. Waisea ya zauna wai zai yi tsokana, sai ga shi ya saki baki.

"Baba, sai kuma me ya faru? Ashe mutumin nan jarumi ne!"

"Da ka buɗe akwati da ka sani, malalaci."

Suka shanya abin da ya rage, suka ɗinka sababbin shafuka a ciki. Da suka gama, Kawu ya miƙa mata.

"Ɗauki ki kai aji. Ai ke vasu ce."

Ta maida hannunta baya. "A'a, Kawu. Ka ara mini dai, in ka yarda."

Ya yi dariya. "Na ara miki. Nemo leda."

Ku yara, ga darasin. Don mutum ba zai iya ce maka a'a ba, ba shi ke nuna ya yarda ba. Ka dubi fuskarsa, ka tambaya. In kuma ka yi ɓarna, kada ka ɓoye.

Ku kuma manya, saura naku. Matar kawun ta ce sai an sa wa akwatin nan kwaɗo, don akwai wasu vasu suna tasowa. Mahaifiyar yarinyar ta ce ba a taɓa kulle wa vasu akwati ba. Kullum wurina suke kawo ƙara, na gaji. Ku yanke yau, kafin kowa ya tashi daga tabarmar nan.