Madubin Tsohon Direba

Ranar da suka fara haɗuwa da faɗa suka rabu, kuma in za a bi gaskiya Auta ce ta tsokano.

Daga asibiti ta taso da rigar aikinta ta nas, ta faɗa shagon da ake sayar da kyamarori da madubin hangen taurari. Ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta nuna wani jibgege da ke tsaye a kan ƙafa uku.

"Wancan nake so. A naɗe min."

Saurayin da ke shagon bai ko miƙe ba, gilashi yake gogewa da ɗan ƙyalle. "A ina za a kafa shi?"

"A gidanmu. Ko shi ma sai da takardar likita?"

"Gidan naku fili ne?"

"Ɗan lambu ne a bayan gida. Katanga ta ko'ina, ga benayen maƙwabta."

"To ba zan sayar miki ba. Ni ba na ba da madubi sai na je na ga sararin da za a kalla da shi."

"Sama ai ɗaya ne, Malam."

"A littafi ba."

Ta ja tsaki ta fita, har labulen ƙofar ya biyo ta. Sai dai duk garin babu wani mai irin wannan kaya, ita kuma ba don kanta take nema ba. Babanta tsohon direban babbar mota ne. Rabin rayuwarsa a kan kaya ya kwana, ba rufi sai taurari. Da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, duniyarsa ta koma keken marasa lafiya da wannan lambun, inda ya shuka tumatir da na'a-na'a a cikin tsofaffin tayoyi. Kullum da yamma yana nan yana zagin benayen da suka tare masa sama. Ita kaɗai ta rage masa a gida, ita ke shan zagin da ya yi saura.

Saboda haka washegari ta koma, fuska a murtuke, ta yi wa mai shagon kwatance, suka yi musayar lambar waya.

Ya zo bayan magariba. Ta nuna masa lambun ta shiga turo Baba. Kun san abin da suka tarar? Bawan Allah ya miƙe rigingine a tsakanin tayoyi, hannu a ƙeya, kamar a ɗakin uwarsa.

"Auta! Gawar wa aka yar min a kan na'a-na'a?"

"Ina wuni, Baba. Sararin nake aunawa. A tsaye katanga na yi wa ido ƙarya."

"Za ka auna tsawon sandata yanzu. Tashi, ɗan rainin wayo!"

Da gudu ya fita, ƙeyarsa duk ƙasa. Bai kai gida ba saƙonta ya shigo.

"Malam Rigingine, ka kashe wa Baba shuka. Allah ya isa."

Ya mayar mata: "'Yar Masifa, samanku bai fi faifai ba. Da na ba ki wancan babban, da bangon maƙwabci za ku yi ta kallo. Gajere za ku saya, mai faɗin gani. Ki gode min."

"In gode maka? Da ka ji da ƙeyarka."

Haka suka yi ta yi, yau zagi gobe baƙar magana. Amma ku lura, 'yan nan, wanda ba ka so ba ka ɓata cajin wayarka a kansa. Ta fara biyowa ta shagon bayan aiki, wai don ta ga ko kayan sun iso. Shi kuma ya ajiye wata kujera da ba ya barin kowa ya zauna a kai. Wata rana ta turo masa, "Yau ban zage ka ba, kada ka ɗauka na huce, aiki ne ya yi yawa." Ya ce, "Na sani, Tauraruwata. Ni ma ban ci abinci ba, jira nake."

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen Baba, keken ma sai da ya girgiza.

"Wanda sana'arsa leƙe ce? Mai kwanciya a gidan mutane ba izini? Muddin ina numfashi ba zai aure ki ba."

Auta kuwa ta riga ta ɗaukar wa kanta alkawari, ba za ta auri wanda Baba bai sa wa albarka ba. Ta faɗa wa Rigingine haka, ido cikin ido.

Akwai ɗan Goggo, ɗan ƙanwar Baba, mai harkar gine-gine, wanda ya daɗe yana zagaye Auta ita tana kauce masa. Da ya ji labari sai ya yi odar madubi ta waya, wanda ya fi na shagon girma, aka kawo shi a akwati kamar za a kafa injin niƙa. Wurin sa ido ya kai kafaɗar mutum a tsaye. Sai shi da Goggo suka kama Baba ta hammata suka ɗaga shi, ƙafarsa na jan ƙasa.

"Kawu, duba nan! Ka gani?"

"Na ga bulo," in ji Baba. "Ku sauke ni. Ni buhun siminti ne?"

Rigingine ya ji, ya yi dariya har da hawaye. Ya ɗauko nasa gajeren ya zo da ƙarfin gwiwa, Auta ta roƙi Baba ya gwada sau ɗaya don darajarta. Aka kafa, wata ya shigo tsakiyar faifan nasu tar. Sai dai wurin sa idon yana ƙasa, dole a sunkuya, Baba kuwa in ya sunkuya ɓarinsa na hagu ke rinjayarsa. Abin murɗa gani kuma yana gefen hannun da ya mutu. Tsoho ya yi ta miƙa hannun dama yana tsallakawa, har ya tafi zai faɗi, Auta ta tare shi.

Bai yi zagi ba, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Cewa kawai ya yi, "Mayar da ni ɗaki."

A bakin ƙofa ta tare Rigingine. "Ka kwanta ka auna katanga, ka auna bene, ka auna wata. Shi mutumin da zai kalla, ka taɓa dubansa sau ɗaya?"

"Madubin daidai yake da lambun..."

"To ka auri lambun."

Ya kwashe kayansa ya tafi. Shiru, ba saƙo ba kira. Baba ya daina fitowa lambu, tumatir ya fara yaushi.

Ana haka sai ga ɗan Goggo da murmushi har kunne, ya miƙa wa Auta waya. Bidiyo ne ya ɗauko ta tagar shagon. Ga Rigingine zaune a keken marasa lafiya, ya ɗaure hannunsa na hagu a jiki da ɗankwali, ya karkace wuya, yana ta laluben wani ƙarfe da hannu ɗaya.

"Ga masoyin naki," in ji ɗan Goggo. "Kwaikwayon Kawu yake yi. Mu dai ko ba mu iya ba, ba mu yi wa mara lafiya shaƙiyanci ba."

Nan take ta rubuta wa Rigingine: "Ashe haka kake. Ka ƙi mu, ka zage ni, duk na yafe. Amma ciwon Babana ba abin wasanka ba ne. Kada ka sake nemana." Ta toshe lambarsa, ta shiga banɗaki ta yi kukanta.

Ɗan Goggo bai tsaya nan ba, ya kai wa Baba don wuta ta ƙara ci. Baba ya kalla. Ya ce a maimaita. Ya sake kallo, ya matso da wayar kusa da idonsa.

"A kira min shi. Yau."

Goggo ta gyara zama, ɗanta ya ɗauko wa Baba sanda da kansa.

Rigingine ya zo da yamma, ya rame, yana rungume da wani abu a tsumma. Auta ta juya masa baya.

"Kai, mai kwanciya," in ji Baba. "Keken wa ka hau?"

"Aro na yi, Baba."

"Hannun fa?"

"Na ga in ban ɗaure shi ba, sai ya riƙa taimaka min ban sani ba."

Baba ya juya wajen ɗan Goggo. "Kai da kake tuƙa mota, in za a saita madubin gefe, a waje ake tsayawa?"

"A'a, Kawu, sai an zauna a kujerar direba."

"To me ka kawo min?" Ya ƙwace sandar ya jefar. "Tura ni lambu."

Abin da ke cikin tsumman ƙarfe ne mai gwiwa, an yi masa maƙali. Rigingine ya durƙusa ya ɗaure shi a hannun keken na dama, ya ɗora gajeren madubin da ya taho da shi. Wurin sa ido ya zo daidai fuskar Baba yana jingine, abin murɗawa ya faɗo ƙarƙashin babban yatsansa. Ba wanda ya ɗaga shi, ba wanda ya tare shi. Suka jira wata ya haye benen.

Baba ya sa ido. Ya murɗa. Ya sake murɗawa.

"Ji ramuka," ya ce a hankali. "Wallahi ya fi wata hanyar lalacewa. Shekara nawa ina kwana a ƙarƙashinsa, ashe haka fuskarsa take." Ya goge ido da kafaɗa, ya ce ƙura ce.

Goggo ta ja ɗanta suka fice, ko sallama babu.

Auta ta matso kusa da Rigingine, murya ƙasa ƙasa. "Me ya hana ka faɗa min?"

"Kin toshe ni."

"Kafin nan fa?"

"Kunya. Kin faɗi gaskiya, ni kuma ban saba ba."

"Sakarai."

"Na'am, Tauraruwata."

"Ina jin ku," in ji Baba, idonsa na kan madubi. "Kai, har yanzu ba ka yi min ba. Bakinka ya yi tsawo, kuma ba ka da ladabin shiga gida. Amma ka turo manyanka. Ita ma ba ladabin gare ta ba, kun dace."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Gidan da suka kama yana layi ɗaya da na Baba, don Auta ta ce ba za ta yi nisan da ba za ta jiyo zaginsa ba. Ranar da za ta tare, aka kawo su gabansa su biyu suka durƙusa. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta, ya daɗe, sannan ya mayar da shi kan angon.

"Na ba ka ita, ita ce ƙarshen abin da nake da shi. Ku yi faɗanku, na san ba za ku fasa ba, amma kada wanda ya kwana da shi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu bakinku, ku ma ku ɗanɗana."

Aka ce amin ana dariya, amarya na kuka, ango na miƙa mata hankici tana ture hannunsa. Da suka kai ƙofa ta karɓa.

Allah ya bar su tare, ya sanya alheri a gidan.