Katakon Malam Barmo

Ranar kasuwar Tanout ce Radiya ta tsaya a ƙofar shagon Almustafa, ba don sayen komai ba. Kukan injinsa ne ya tsayar da ita.

Shi ya haɗa injin da hannunsa, da ƙarafa da moter uku da ya ciro daga tsofaffin injinan fotokofi. Ordinater, wato kwamfuta, ce ke ba su umarni, su juya taki-taki suna jan wuƙar sassaƙa a kan katako. Amma ran nan ɗaya daga cikinsu sai rawar jiki yake yi, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

"Sannu da aiki. Wayoyi biyu ka musanya," in ji ta.

Ya ɗaga kai zai yi musu, sai ya manta abin da zai ce. Ashe lantarki ta karanta a Damagaram, gyaran sola take yi a Belbeji. Ya mayar da wayoyin yadda ta nuna, inji ya tafi sumul. Zuciyarsa kuwa ta bi ta Belbeji, ba ta dawo ba.

Wata bakwai suna soyayya ta waya, ganin juna sai an dace. Har ta aiko masa da ƙyalle ta hannun direba, ta ɗinka sunansa a jiki da koren zare.

Sai dai mahaifinta, Malam Barmo, masassaƙi ne tun kaka da kakanni, kuma a wurinsa wanda inji ke yi wa aiki ba shi da sana'a. Ga wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke ta zarya a gidan neman aurenta. Da tsohon ya ga 'yarsa tana ramewa, sai ya aiko da katako biyu da takarda mai zanen da'irori sarƙe da juna. Ya ce in injin ya fitar da zanen kafin Juma'a, Almustafa ya turo manyansa. In ya kasa, kada ya ƙara taka ƙofar gidansa.

Tsakiyar bazara ce. Injin ya yi rabin awa lafiya lau, sannan moter ya tsallake taki, wuƙa ta kauce, da'ira ta ƙi haɗuwa. Katako ɗaya ya lalace. Almustafa ya ɗaure bel ɗin injin, ya rage gudu, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta gwaji a kan guntaye. Kullum haka, rabin awa sai kuskure. Kunya ta hana shi faɗa mata, kwana uku bai ɗauki kiranta ba, wauta irin ta maza.

Ran Laraba saƙonta ya shigo: "Masoyi, in ka fasa ne ka faɗa mini. Kullum idona yana kan hanyar Tanout. Shirunka ya fi maganar Baba ciwo."

Ya karanta har sau biyar. Ya rubuta: "Hasken idona, ban fasa ba, kasawa na yi. Katako ɗaya ya rage. Ina kewarki har ba na jin ɗanɗanon shayi." Ya haɗa mata da hoton injin.

"Mene ne wancan a kan akwatin wuta?" ta tambaya.

Ƙyallenta ne. Ya lulluɓe akwatin da ke ba moter wuta da shi, don rairayi kada ya shiga, kuma don idonsa ya riƙa sauka a kai. Zafi ya rasa mafita. Da akwatin ya ɗau zafi sai wuta ta ɗan yanke, moter ya rasa taki.

"Cire shi ka sa a aljihu, nan ne wurinsa," ta rubuto. "Ka buɗe akwatin, ka sa masa fanka, ka fara da sanyin safiya. Don ya share maka gumi na ɗinka shi, ba don ya raba mu ba."

Ran Alhamis da hantsi da'ira ta ƙarshe ta haɗu. Ya naɗe katakon a bargo, ya rungume shi a mota har Belbeji.

Malam Barmo ya daɗe yana bin zanen da yatsa. Nan Almustafa ya lura hannun tsohon yana karkarwa.

"Ɗana, ka san abin da ka sassaƙa?"

"A'a, Baba."

"Allon kan gadonta na aure ne. Yayyenta huɗu, kowacce ni na zana mata wannan da hannuna. Shekara biyu ke nan hannun ya ƙi." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Tsorona ta tafi ɗakinta babu shi. Ka turo manyanka."

Bayan an yanke gero aka ɗaura aure. Da aka zo kai kayan amarya, Malam Barmo bai yarda kowa ya taɓa allon ba, a cinyarsa ya riƙe shi har Tanout, yana yi musu addu'a a hanya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, amin.