Farar Motar da Aka Rufe da Tamfol

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Laraba aka buga wa Sufeto waya cewa an tsinci wata yarinya kwance cikin jini a bayan dandamalin wani ɗakin taro. Ya ture kwanon abincin da tun rana bai samu sukunin buɗewa ba, ya ce da Saje ya tayar da mota.

Kafin su isa an riga an wuce da yarinyar asibiti. Matasa kusan goma sha biyar ne a tsakar wurin, sun yi cirko-cirko, wasu riƙe da fastoci. Kowane fasta na ɗauke da hoton wani yaro mai faɗin murmushi, da sanarwar wasan waƙa ranar Asabar don tara abin da za a yi masa aikin ƙashin baya.

Tsuntsu suke kiran yaron, saboda muryarsa. Wata uku da suka wuce mota ta kaɗe shi a kan kekensa yana komawa gida daga gwajin waƙa, direban ya tsere. Sufeto ya tuna da fayil ɗin. Yana can ƙasan durowarsa, babu shaida ko ɗaya a ciki.

Wadda aka ji wa rauni yau kuwa ’yar shekara sha shida ce, Kyamara suke ce mata, don ita ke ɗaukar musu bidiyo.

Shugaban matasan ne ya raka Sufeto ɗakin ajiyar kaya. Dogo ne siriri, ɗan mai wurin, ba zai wuce sha bakwai ba. Ya ce ƙarfe huɗu ya zo, ya tarar da ita a ƙasa, bai san komai ba bayan wannan. Yana magana yana kallon takalminsa.

Sufeto ya bi ɗakin da ido. Jitoci biyu na jingine, makirufo shida na jere a akwati, jakar yarinyar na kan kujera ba a ko buɗe ba. Akwai jini a gefen wata babbar lasifika. Wayarta ce kawai babu. A kusurwa majigi na kunne, yana haska bango da shuɗin haske, igiyar da ake jona masa waya na lilo.

“Me aka kalla a nan?”

“Ban sani ba, ranka ya daɗe.”

“Su wa ke da makullin ɗakin?”

“Ni, da mai gadi, da Baba.”

Saje ya raɗa wa Sufeto cewa wannan ɓarawo mai kunya ne, ya bar jita ya ɗauki tsohuwar waya. Sufeto bai yi dariya ba. Yana da ’ya sa’ar Kyamara, kuma ita ma ba ta rabuwa da wayarta ko a wajen cin abinci.

A waje ya ware aminiyar yarinyar, wadda ke yi wa mawaƙan amshi. Cikin sheshsheƙa ta ce Kyamara na haɗa ɗan gajeren fim ne daga tsofaffin bidiyon Tsuntsu, don a haska kafin a fara waƙa. Da safe Kyamara ta kira ta, ta ce ta ga wani abu a bidiyon ranar da aka yi hatsarin, amma ba za ta faɗa wa kowa ba sai ta fara nuna wa Shugaba. Sun yi da shi za su haɗu ƙarfe biyu.

Ƙarfe biyu, ba huɗu ba. Sufeto ya rubuta, ya roƙe ta ta binciko ko wannan bidiyon ya taɓa shiga zauren hirarsu na waya.

Washegari da safe ya je asibiti. Kyamara ba ta farfaɗo ba. Likita ya ce rauni ɗaya ne, a ƙeya, irin na wanda aka hankaɗa ya faɗa kan abu mai kaifi, sai kuma shatin yatsu a wuyan hannunta na dama. Ya ce ba zai yi alkawarin komai ba.

Tsuntsu na kwance a hawa na sama. Bai tuna komai daga ranar ba sai ƙarar birki da wani farin abu. Mahaifiyarsa, mai ɗinki ce, ta raka Sufeto har baranda tana ta sa wa mai ɗakin taro albarka. Ta ce shi ya ba yaran wurin kyauta, shi ya ara musu kayan sauti, kuma duk mako sai ya zo dubiya.

“Sai dai bai taɓa shiga ɗakin ba,” in ji ta. “A bakin ƙofa yake tsayawa. Ya ce zuciyarsa ba ta iya ɗaukar ganin yaron a haka. Bawan Allah, ga shi a tasi yake zuwa, tunda ya sayar da motarsa.”

Sufeto ya tambaye ta yaushe ya sayar. Ta ce ba ta sani ba, ita dai tun da suka kwanta a nan ba ta taɓa ganinsa da mota ba. Ya yi mata sallama, ya sauko matakala a hankali fiye da yadda ya hau.

Mai gadin ɗakin taron tsoho ne, jiya ya rantse cewa bai motsa daga bakin ƙofa ba. Yau Sufeto ya zauna kusa da shi a benci, ya nuna jarkoki biyu cike da mai a gefen janareta, ya tambaye shi yaushe aka kawo su, alhali yaran sun ce ranar Talata babu ko ɗigo.

Tsohon ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce jiya ne, wajen uku saura. Maigida ne ya zo a gaggauce ya aike shi, har ya ce ya je gidan man da ke nesa, wai na kusa suna gauraya shi. Ya ce shekara goma sha tara yana cin abinci a gidan nan, kada a sa shi ya faɗi abin da bai gani ba.

“Ban ce ka faɗi komai ba, baba. Garejin baya nake so ka buɗe mini.”

Motar da aka ce an sayar na ciki, an lulluɓe ta da tamfol, ƙura ta yi kauri a kai. Fara ce. Fitilar hagu a fashe take, murfin gaba ya lotsa, kuma a jikin lotsawar akwai gogen jan fenti. Fayil ɗin da ke durowar Sufeto ya ce keken Tsuntsu ja ne.

Suna tsaye a nan aminiyar Kyamara ta iso da gudu da wayarta. Ta samo bidiyon, an tura shi tun wancan lokacin, kowa ya saurari waƙar, ba wanda ya kalli bayan masu yin ta. Yaran ne a bakin ƙofa suna rera amshi, Tsuntsu ya hau kekensa ya ɗaga musu hannu ya wuce. Jim kaɗan farar motar ta fito ta ƙofar baya, ta bi hanyar da ya bi. Direban ya sunkuyar da kai yana danna waya.

Da azahar Sufeto ya sa aka kira uba da ɗa ofishin da ke saman ɗakin taron. Mai wurin mutum ne mai jiki, mai taushin murya. Ya ce jiya bai ko biyo ta unguwar ba, mota kuwa ajiye ta ya yi don inji ya buga. Ya sa a kawo wa baƙi ruwa.

Sufeto bai kula shi ba. Ya ajiye wayar a tebur, ya kunna bidiyon, ya juya ga yaron.

“Ƙarfe biyu ta nuna maka wannan a majigi. Daga nan me ya faru?”

Yaron ya dubi ubansa sau ɗaya. Ya ce shi ne. Shi ya ɗauki motar ranar a sace, shi ya kaɗe Tsuntsu, shi ya ji wa Kyamara ciwo.

“Da me ka buge ta?”

“Da ƙarfen makirufo.”

“A ina?”

“A goshi.”

A bidiyon da ke gaban kowa, yaron na tsaye a tsakiyar masu amshi yana tafi. Sufeto ya san haka, uban ma ya sani. Duk da haka Sufeto ya ɗaga wa Saje kai, Saje ya ciro ankwa. Uban ya zuba ido aka sa wa ɗansa ankwa a hannu ɗaya. Sufeto ya fara zaton mutumin zai bari a tafi da yaron.

Sai da ƙarfen ya ɗana a hannu na biyu sannan uban ya yi magana.

“Ku sake shi. Bai ma iya tuƙi ba.”

Daga nan maganar ta zubo. Ya ce saƙo yake karantawa ranar, ya ji ya bugi abu, ya ga keken a madubi, tsoro ya hana shi tsayawa. Da yaran suka zo neman wurin wasa, ya ba su komai, yana ganin ko hakan zai rage masa nauyi. Jiya ɗansa ya kira shi daga titi yana kuka, yana tambayarsa ko shi ne. Ya zo, ya kawar da mai gadi, ya tarar da yarinyar ita kaɗai. Ya roƙe ta ta ba shi wayar, ta ƙi, ta ce mahaifiyar Tsuntsu za ta kai wa. Ya riƙe hannunta, ta fizge, ya ture ta. Wayar tana cikin tankin ruwan da ke kan rufi.

“Ka ga jini a ƙasa,” in ji Sufeto. “Ka kira wani?”

Mutumin ya kau da kai, Sufeto ya ci gaba.

“Sama da awa ɗaya ta yi a kwance a wurin.”

Saje ya cire ankwar daga hannun ɗan ya mayar a na uban. Suka sauko da shi ta tsakiyar zauren, inda matasan ke jera kujerun Asabar. Ɗaya bayan ɗaya suka daina, suka matsa gefe suka ba da hanya. Ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya kau da kai.

A bakin mota mutumin ya waiwayo ya kira ɗansa, ya ce ya kula da mahaifiyarsa da ƙannensa. Yaron na tsaye a ƙofa yana murza wuyan hannunsa. Ya tako wurin Sufeto, ya tambaye shi a hankali ko za a bar shi ya zauna a bakin ɗakin da Kyamara take.

Sufeto ya ce sai dai ya tambayi iyayenta. Ya shiga gaba, Saje ya rufe ƙofar baya, suka ja mota.