Tarwaɗa Ɗari Biyu da Malamar Awo

Da kwalbar ruwa wani saurayi mai kiwon kifi ya shiga ɗakin gwajin, takalmi duk laka, rai a jagule. Tarwaɗa ɗari biyu suka mace masa cikin kwana uku.

Budurwa mai farar rigar aiki ta tsoma na'ura a ruwan. "Awo ya nuna biyar. Ruwanka ya yi tsami, ya zama asid. Bakwai ake so."

"Biyar da bakwai ai babu nisa, Malama."

"Akwai fa. Ƙwayoyin haidurojin masu kawo tsami da ke cikinsa sun ninka sau ɗari. Zuba garin farar ƙasa kaɗan-kaɗan. In ka zarce, ya koma alkali."

"Alƙali? Me na yi da za a kai ni kotu?"

Dariyar da ta yi ce ta gama da shi.

Sauran kifin suka farfaɗo, amma bai daina kawo ruwa ba. Ran nan ta turo saƙo: "Mai Tarwaɗa, na yau ruwan famfo ne. Faɗi abin da ke kawo ka."

"Ke ce, Malamata."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, tsohon malamin gona, ya ce sam. 'Yarsa mai digiri ba za ta ƙare a ƙarnin kifi ba, ga ɗan amininsa likita yana jira. Sati biyu wayarta shiru, har saurayin ya ɗauka likitan ta zaɓa. Sai ga saƙo: "Abba ne ya ce in dakata. Zuciyata tana wajenka, Nawa."

Da damina, kifin maƙwabtan saurayin suka fara mutuwa. Ƙungiyar masu kiwo ta kira taro, mahaifinta ne shugaban zama. Saurayin ya miƙe. Ya tsoma takardar gwaji a ruwan kowa, ya bayyana abin da kowane launi ke nufi, da yawan garin da za a zuba.

Dattijon ya gyara tabarau. "Yaro, wa ya koya maka?"

Ya ɗaga kai. "'Yarka, Abba. Ban taɓa ganin mai ilimi da haƙurin koyarwa kamarta ba."

Dattijon ya kasa ɓoye murmushi.

"Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure masu kiwo suka cika layin maƙil. Da za a kai amarya, mahaifinta ya dafa kan ango: "Na ba ka wadda na fi ji da ita. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Ya amsa da amin, ƙirjinsa kamar zai fashe don alfahari.