Muryar Tasi'u

Ku ajiye wayoyin nan. Wanda ya san dariya zai yi ya tashi tun yanzu, don wannan ba tatsuniya ba ce, babu Gizo a ciki. Wanda abin ya faru da shi yana nan da ransa a Funtuwa, sai dai ba ya son a tambaye shi.

Sunansa Jazuli. Shi da yayansa Tasi'u suna da shagon haɗa bidiyon biki a saman wani bene da ke bakin kasuwa. Matakalar benen ta ƙarfe ce, ko kyanwa ta taka sai an ji. Tasi'u ne ya haɗa kwamfutar shagon da hannunsa, babba, irin ta kan tebur, kuma shi kaɗai ya san cikinta. Jazuli iyakarsa yanka hoto da ɗora kiɗa. Amma in ka ji yana cika baki a gaban mutane, sai ka rantse shi ya ƙera ta.

Tasi'u ya rasu a hatsarin mota. Wayarsa ma ta murƙushe tare da shi. Ya bar matarsa Barira da jaririya 'yar wata bakwai mai suna Nasiba. Da aka watse daga zaman makoki, Barira ta sa aka kira mata Jazuli. Abu ɗaya ta roƙe shi.

"Baffan Nasiba, yayanka ya ce duk bidiyonmu na cikin injin shago. Ka haɗa min su wuri ɗaya. Yarinyar nan ba za ta tuna shi ba. Ina so ta tashi ta san muryar ubanta."

"An gama, Yaya Barira. Ki ba ni sati ɗaya."

Sati ya zama wata. Ban ce mugunta ce ba. Duk ranar da ya buɗe bidiyon ya ga fuskar yayansa, sai ƙirjinsa ya yi nauyi, ya rufe. Amma bikin mutanen gari bai fasa haɗawa ba ko sau ɗaya, wannan kam a faɗa. Har Barira ta cika wata huɗu da kwana goma, ta fita takaba ran Laraba. Aka ce ran Asabar da sassafe kawunta zai zo ya tafi da ita gidansu a Yawuri, ita da yarinyar.

Sai ran Alhamis da yamma Jazuli ya zauna aikin. Bidiyon da yawa, tun daga na aurensu har na sunan Nasiba da na bayansa. Ya jera su, ya danna, injin ya nuna masa sai ya yi awa tara kafin ya gama. Jazuli ya ja tsaki.

Akwai wasu 'yan sanduna biyu a cikin kwamfuta, ram ake ce musu, a kansu take riƙe aikin da take yi. Kowace da iyakar gudun da aka yi ta da shi. Jazuli ya taɓa gani a waya cewa ana iya tilasta musu su wuce wannan iyaka. Ya taɓa yi wa Tasi'u maganar, Tasi'u ya ce masa, "Bar ta yadda na saita ta. Sauri kan haifi nawa." To yanzu babu mai hana shi. Ya shiga shafin saitin da ke fitowa kafin injin ya gama tashi, ya ɗaga lambar gudun har ƙarshe, ya ƙara musu wuta. Ya kashe, ya kunna.

Fanka ta juya. Allo ya tsaya baƙi ƙirin. Wata 'yar fitila ja ta kama a cikin injin, sai ƙara sau uku, ƙit, ƙit, ƙit. Daga nan shiru.

Ya sake kunnawa, haka. Ya canja wayar allo, haka. Ya kwance murfin, ya zare sandunan biyu, ya goge bakinsu da robar goge fensir, ya hure ramin, ya mayar. Ya sauya musu wuri. Ya gwada ɗaya, ya gwada ɗayar. Ya duba waya, aka ce akwai wani ɗan batir mai kama da kwandala a jikin babban faifan injin, in an cire shi injin zai saki saitin da aka yi masa. Ya ɓanɓare shi, ya mayar nan take, ya kunna. Ƙit, ƙit, ƙit.

Akwai masu gyara a ƙasan benen. Taku ashirin ne tsakaninsu. Amma Jazuli ya gwammace ya mutu da a ce Tasi'u ya tafi da basirar shagon. Bai gaya wa kowa ba.

Ran Juma'a tun da hantsi yana kan abu ɗaya. Da rana ta take, maƙwabcinsa Malam Sabi'u mai buga takardu ya leƙo da darduma a kafaɗa.

"Jazuli, liman ya kusa hawa mumbari."

"Ku yi gaba, Malam, ina nan tafe."

"Ka dai san ba a zama a benen nan ran Juma'a da rana tsaka."

"Na sani."

Kowa a kasuwar ya sani. Tsofaffin 'yan kasuwa sun ce kasuwa ba ta mutane kaɗai ba ce. In 'yan Adam suka rufe suka tafi masallaci, wasu ne ke fitowa su ci tasu, kuma ba sa son a tsaya musu a hanya. Jazuli ya ji ƙarar ƙofofi ana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ji takun Malam Sabi'u a matakala har ƙasa. Injinan wuta suka mutu. Ya rage daga shi sai fankar kwamfuta.

Ya sunkuya cikin injin. Da ya ɗago, akwai mutum zaune a benci.

Bai ji sallama ba. Bai ji matakala ba.

Tsoho ne siriri, da farar riga fes, doguwa har ta rufe ƙafafunsa. Hannuwansa na kan gwiwa. Idonsa na kan injin.

"Sannu, Baba," in ji Jazuli. "Mun rufe."

Leɓen tsohon ya motsa. Ya gama motsi, ya rufe. Sai bayan nan maganar ta fito.

"Ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta."

Jazuli ya ƙura wa bakin tsohon ido. Ya san wannan matsalar, kullum ita yake gyarawa a bidiyo, baki ya riga sauti. Amma bai taɓa ganinta a jikin mai rai ba. Muryar kuma a gajiye take, tana shaƙewa kamar tsohon kaset da aka ji har ya gaji. Zuciyarsa ta ce ya karanta abin da ya sawwaƙa ya fita. Sai ya tuna gobe Asabar.

"Ka san gyaranta, Baba?"

Leɓe ya motsa. Jazuli ya jira.

"Ka cire ɗan batirin?"

"Na cire."

"Wayar wuta na jikin bango?"

"Tana jiki."

"Ka jira kafin ka mayar?"

"Ban jira ba."

"Zare ta daga bango. Danne maɓallin kunnawa, kar ka saki, har sauran wutar cikinta ta tsiyaye."

Jazuli ya yi. 'Yar fitilar ja ta dushe, ta mutu.

"Yanzu cire batirin. Ajiye shi a tebur. Ƙirga ɗari uku. Kar ka tsallake ko ɗaya."

Ya fara ƙirga. Daga nesa yana jiyo huɗuba a lasifika, iska na kawo ta tana mayarwa. Gumi na bin bayansa. Bai yarda ya dubi benci ba, amma ta gefen ido ya lura rigar tsohon ba ta motsi a ƙirji. A ɗari da sittin ya so ya yi tsalle zuwa ɗari biyu. Tsohon ya juyo da kai a hankali, sai ya fasa.

"Ɗari uku."

"Mayar. Sa sanda ɗaya kawai, a rami na biyu. Danna har ka ji ta kama."

Ya danna, ta ce ƙas. Ya mayar da waya a bango. Ya kunna.

Fanka ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa. Ƙit, sau ɗaya. Rubutu ya bayyana a allo.

Jazuli ya bi saitin yadda tsohon ke gaya masa, ya bar gudun inda maƙeran sandunan suka ajiye shi. Ya kashe, ya ƙara sanda ta biyu, ya kunna. Kwamfutar ta tashi lafiya lau. Komai na nan. Ya buɗe bidiyon farko da hannunsa ya kai, sai ga Tasi'u a tsakar gida, ya ɗaga Nasiba sama yana dariya.

"Nasiba, kalli nan. Kalli Abba. Barira, zo ki ga ta yi min murmushi."

Muryar ta cika shagon, mai kauri, mai daɗi. Jazuli ya fashe da kuka. Tsohon kuwa ya karkata kai gefe, ya lumshe ido, yana saurare.

Kun san halin mutanen kasuwa. Ba a yi maka alheri ka bar mutum ya fita hannu rabbana. Jazuli ya share hawaye, ya sa hannu a aljihu.

"Baba, me zan ba ka?"

"Ba na taɓa kuɗi."

"To duk abin da ranka ke so a shagon nan, ɗauka. Na ba ka halak malak."

Kowa na faɗin haka. Ana faɗa ne don an san baƙo zai ce a bar shi, Allah ya yi albarka. Tsohon bai ce a bar shi ba.

"Da bakinka ka faɗa?"

"Da bakina."

Tsohon ya miƙe. Bai dubi kyamara ba, bai dubi lasifika ba, bai taɓa ko tsinke ba. Ya nufi ƙofa, rigarsa na jan ƙasa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Sai an jima, Jazuli. Ka riƙa haƙuri da inji."

Wannan karon baki da sauti tare suka fito. Kuma muryar Tasi'u ce.

Jazuli bai san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Takun mutane a matakala ne ya dawo da shi, an sauko daga masallaci. Ya juya ga allo, ya maido bidiyon baya. Tasi'u ya ɗaga Nasiba sama. Bakinsa na motsi. Ana jin kukan akuya a bayan gida, ana jin 'yar dariyar jaririya, ana jin Barira daga ɗaki tana cewa ga ta nan zuwa. Inda maganar Tasi'u take, babu komai.

Ya buɗe na aure. Kowa na magana ban da ango. Ya buɗe na suna. Ya buɗe tsofaffin bukukuwan mutane, waɗanda Tasi'u ke bayan kyamara yana cewa a matso a gyara tsayuwa. Duk inda ya san muryar take, sai ya tarar da rami. A lokacin ne ya ajiye girman kan, ya sauka ya kira masu gyara. Suka duba har la'asar, suka ce fayilolin lafiyarsu ƙalau, ba abin da ya lalace.

Ran Asabar da safe ya je gidan. An riga an ɗaure kaya a mota. Ya miƙa wa Barira waya da bidiyon a ciki. Ta zauna a kan tabarma, ta ɗora Nasiba a cinya, ta kunna. Ta ƙara sauti. Ta ƙara har ƙarshe. Muryarta ta ji tana cewa ga ta nan zuwa.

"Ina maganarsa?"

Jazuli ya durƙusa ya gaya mata komai, bai rage ba. Ya so ta yi kuka, ko ta zage shi, ko ta ce ƙarya yake. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Sati ɗaya ka ce min," in ji ta. "Ban taɓa aiko maka da tuni ba, don ina jin kunyarka. Abu ɗaya ya bar wa 'yarsa, ka yi kyauta da shi."

Ta goya yarinyar, ta shiga mota.

Bara da ƙaramar salla Jazuli ya yi ƙarfin hali ya je Yawuri da kayan salla. Nasiba ta shekara shida, ta iya kunna bidiyon da kanta, ta haddace shi tsaf. Ta jawo hannunsa ta nuna masa, ta sa yatsa a kan bakin da ke motsi.

"Baffa, ai Abbana bebe ne, ko?"

Ya ajiye mata kayan sallar, ya kamo hanya. Bai kuma sake komawa ba.

Don haka ku ji da kyau. In an rufe kasuwa an tafi masallaci, ku bi mutane, ko me kuka bari a kan tebur. Kuma wanda ya shigo muku babu sallama, kar ku ce masa ya ɗauki abin da ransa ke so. Masu shago a benen nan sun ce har yau, ran Juma'a da rana tsaka, wanda ya yi jinkirin rufewa yakan ji Tasi'u a ƙasan matakala yana kiran ƙaninsa. Kar wanda ya amsa.