Allurar Gazuwal Ta Kwanta

Jimrau ya san laifinsa ne. Da zai baro Maraɗi da motar kumandan, Nasaran Dakoro, cewa ya yi gazuwal ɗin da ke tanki zai kai shi gida. Tun bayan Sabon Maci allurar mai ta kwanta, ga dare ya raba, ga daji ba ko wutar makiyaya. Kuma ya san halin injin gazuwal: in ya sha iska ya mutu, ko an zuba mai ba ya tashi sai an kwance bututu.

A gindin wata aduwa ya ga tsohuwa tsaye, ba kaya, ba sanda. Ya buɗe mata ƙofa.

"Inna, ina zuwa cikin daren nan?"

"Gaba kaɗan, ɗana."

Ta shigo da warin tsohuwar rijiya. Suka yi ta tafiya, injin na gurnani lafiya lau, har Jimrau ya fara hamdala. Can ya lura aduwar nan ce suke wucewa, karo na uku. Ya taka birki, mota ba ta rage gudu ba. Ya tura ƙofa, ko motsi. Ya dafa ƙarfen da ke rufe injin, nan gefen kujerarsa, wanda kullum ke ƙona hannu, ya ji shi sanyi ƙalau kamar randa.

Injin ya daɗe da mutuwa. Daga maƙogwaron tsohuwar gurnanin ke fitowa.

Ta juyo, gurnanin bai yanke ba, ta ce, "Riƙe sitiyarinka, ɗana. Da sauran tafiya."