Mutum na Goma a Jerin Iines

Ranar da Tuure ya fara aiki a ofishinsu na birnin Tampere, Iines ko ɗago kai ba ta yi ba. Ya ajiye mata kofi, ta ce ta gode, shi ke nan. Shekara biyu ke nan ba ta jin daɗi, ba ta jin zafi, kwanaki kawai take turawa.

Manhajar wani ƙaramin asibiti suke ginawa. Kowace safiya akan share rumbun bayanan gwaji tas, a sake zuba masa sunayen mutum goma na ƙarya don a gwada aiki da su. Iines ce ta rubuta jerin. Tara daga ciki Gwaji Ɗaya ne, Gwaji Biyu, haka dai. Na goma kuwa sunansa Aarre, har da hoto. Da shi take fara shiga kullum, allo ya ce, "Barka da dawowa, Aarre," ta zuba masa ido.

Shi Tuure tuni ya kamu da sonta, ba kuma ya iya ɓoyewa. Ya tura mata saƙo:

"Malama Shiru, burodin kirfa biyu na sayo. Ɗaya ya rasa mai ci."

"To," ta rubuto.

Wannan "to" ɗin ya kai shi mako guda yana murmushi. A hankali suka fara tafiya gida tare, shi yana zuba, ita tana saurare. Sai dai hoton nan yana ci masa rai.

Da aka ba shi aikin gyara jerin, ya cire Aarre, har da ɗan jin daɗi. Washegari sunaye tara suka bayyana.

"Ina Aarre?" ta tambaya.

"Na cire shi. Tsohon saurayi ai ba ya cikin kayan aiki."

"Yayana ne. Shekara biyu ke nan, ƙanƙarar da ta rufe tafki ta fashe da shi, ya nutse."

Yadda ake faɗin lokacin tashin bas ta faɗa.

"Minti ɗaya zan dawo da shi, Iines."

Ta dubi allon. "Bar shi. Kullum da safe sai ya dawo, kullum kuma ba shi ba ne."

Mahaifiyarta, Marjatta, da labari ya kai mata, ta ce kada wanda ya goge mata ɗa ya taka mata gida. Tuure ya je duk da haka. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ya ce, "Ban san shi ba na taɓa shi. Ki ba ni labarinsa." Har kofinsu ya huce sau uku tsohuwar ba ta gama ba.

Rannan Iines ce ta fara rubutowa:

"Mai surutu, kana gida? Na gaji da shiru."

A watan Yuni aka ɗaura musu aure. Da jami'ar ɗaurin aure ta tambaye ta ko ta yarda, Iines ta buɗe baki, sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ko a jana'izar Aarre bai zo ba. Tuure ya rikice, ya fara laluben hankici.

Marjatta ta riƙe hannunsa. "Ƙyale ta, ɗana. Amsar tana zuwa. Allah ya zaunar da ku lafiya."